Ɗigon Fentin Kamfani

Tun Shamshad Bibi ba ta iya kitse gashinta ba aka fara ɗora ta a bayan babur, kuma tun daga lokacin ba ta taɓa kallon hanya ido da ido ba. A garinmu Gojra mace a karkace take zama, ƙafafu biyu a ɓangaren hagu, hannu ɗaya a kafaɗar mai tuƙi, ɗayan a danne da mayafi kada iska ta yi gaba da shi. Saboda haka duk abin da Shamshad ta sani na duniya, ta gefe ta san shi: gonakin rake, katangar gidan gurzar auduga, shagunan masu walda, bakin kwata. In ka tambaye ta abin da ke hannun dama a hanyar garin Toba, cewa za ta yi ka bari sai a dawowa.

Ta zauna a bayan ubanta, ta zauna a bayan yayanta, daga nan aka miƙa ta bayan Riyasat Ali, mai tsaron injinan saƙa a wata masaƙa da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Ita kuwa sana'arta ɗinkin bargon auduga. Da sanyi ya ƙarato za ka ga mata suna sallama da ƙunshin auduga a ka, ita kuma tana zaune a tsakar gida da basilla, tana sokawa tana zarewa, layi bayan layi, har yatsunta suka yi kanta. Rabin amaren unguwar da bargonta suka tare. Ba a cika jin muryarta ba, shi ya sa mutane ke ce mata mai haƙuri. Ita dai ta san ba haƙuri ba ne, tarawa take yi.

Riyasat ba mugu ba ne irin mugayen da ake ba da labari. Ba ya duka, ba ya shaye-shaye, albashinsa gida yake zuwa. Ciwonsa guda ne, kuma shi ne ciwon rabin mazan garinmu: babur. Shamshad ta gane girman ciwon a shekarar da ta yaye 'yarta Noshin. Suna dawowa daga gidan iyayenta, bakin mayafinta ya sulale ya shiga tayar baya. Kafin ta ce wayyo taya ta naɗe shi, ya shaƙe ta, ya fizgo ta ƙasa, aka ja ta a kan tsakuwa. Riyasat ya miƙe daga inda ya faɗi, ya rugo a guje, ya tsallake ta, ya durƙusa a gaban taya yana warware mayafin sannu a hankali kada wayoyin ƙafar su lanƙwashe. Wani mai sayar da ruwan rake ne ya yayyafa mata ruwa a fuska. Da maƙogwaronta ya buɗe ta tambayi Riyasat dalilin tsallake ta, sai ya ce, "To ai na ga kina motsi." Tabon yana nan zagaye da wuyanta kamar sawun igiya, ƙugunta kuma bai sake daidaita ba. Tun daga ranar take naɗe bakin mayafi a wuyan hannu in za ta hau, haka kuma ta koya wa Noshin tun tana ƙarama.

To a cikin ciwon babur ɗin ma akwai wani reshe da ya fi komai ban haushi, shi ne na ɗigon fenti. In ana haɗa babur a kamfani, duk notin da ma'aikaci ya ɗaure sai ya ɗiga masa fenti rawaya, don na gaba da shi ya san an ɗaure. Iyakar amfaninsa ke nan fa. Amma mazanmu sun ɗauki ɗigon nan sun ɗora a ka. Muddin yana nan bai tsage ba, to sifana ba ta taɓa notin ba, babur rufaffe ne, mai shi kuma ya isa ya buɗe baki a teburin mai shayi. Ranar da aka kwance masa noti ɗaya kuwa ya zama buɗaɗɗe, ko da jiya aka sayo shi, sai a riƙa yi wa mai shi jaje. Za ka ga dattijo da gemu fari fat, wanda bai san ajin da ɗansa yake ba, ya tsuguna a bakin titi yana leƙen ƙarƙashin baburin wani kamar mai neman allura. Za ka ga babur yana tari yana hayaƙi, birki sai an haɗa da addu'a, mai shi yana bugun ƙirji wai ba a taɓa buɗe shi ba. Tir da wannan taƙama!

Noshin ta girma, ta yi karatu, tana koyarwa a wata ƙaramar makaranta, aka sa ranarta da Tanwir, ɗan Haji Barkat mai sayar da taki da iri. Suna son juna, Shamshad ma ba ta da ta cewa a kan Tanwir, saurayi ne mai sunkuyar da kai. Haji Barkat kuwa bai roƙi komai da bakinsa ba, ai shi mutumin kirki ne. Cewa kawai ya yi, ranar da aka sha shayin sa rana, gwiwoyin Tanwir sun gaji da keke. Kowa ya ji, kowa ya gane. Riyasat ya ƙara aiki a kan aiki, ya yi 'yan dabarunsa, ya turo sabon babur ja har gida don gara. Turowa fa, bai yarda ya hau ba. Ya kwashe audugar Shamshad daga ɗakin kwana ya zube a baranda, ya shigar da babur ya kafe shi kusa da gado. Ledar sirdi tana nan, kwalin da ke kan tanki yana nan, ya ƙara masa da baƙin ƙyalle saboda bakin mutane. Kullum da safe sai ya goge shi kafin ya wanke fuskarsa.

Wata rana suna cin abincin rana aka kira wayar Riyasat. Ƙarar injin saƙa ta cinye wa Riyasat kunne ɗaya, don haka kullum a fili yake sakin muryar waya, duk gida a ji. Mai shagon da ya sayar masa da babur ne.

"Riyasat Sahib, kamfani ne ya ce mu kira duk wanda ya sayi irin naka a wannan zubin. Notin da ke riƙe da faifan da sarƙa ke ja a tayar baya, an gano ƙarfensa ba shi da kyau. Yana iya karyewa ana cikin gudu, taya ta cije. Ka kawo mu canza. Kyauta ne, kafin ka shanye kofin shayi an gama."

Riyasat ya ajiye lomar gurasar da muke kira roti. "Sifana za ku sa masa?"

"To da me za mu kwance, Riyasat Sahib, da haƙori?"

"Nawa lafiyarsa ƙalau. Na gode." Ya kashe waya, ya ci gaba da dangwalar miyar ganye.

Shamshad ta dube shi. "Baban Noshin, ka ji abin da mutumin nan ya ce kuwa?"

"Na ji. Dabararsu ce. Su kwance na asali su sa maka na bakin titi, ka dawo da buɗaɗɗen babur kana yi musu godiya. Ba ni za a yi wa wannan ba."

"Cewa ya yi taya tana cijewa."

"Ke me kika sani a kan taya?"

Duk duniya ba bakin da wannan tambaya ba ta dace da shi ba kamar nasa. Shamshad ta ɗaga haɓa, ta janye mayafi daga wuyanta, tabon ya fito fili. Ya kawar da kai.

"Wancan ai laifin mayafi ne," in ji shi. "Kin san Haji Barkat. Da tabarau zai zo ya bi noti ɗaya bayan ɗaya. So kike a ce Riyasat ya aurar da 'yarsa tilo da buɗaɗɗen babur? Da wane ido zan shiga kasuwa?"

"Wa zai zauna a kan tayar nan? Haji Barkat?"

"Tsari na Allah ne, Shamshad. Miƙo albasa."

Tsari na Allah ne, ba wanda ya musa. Sai dai mai faɗin hakan bai taɓa barin baburin ga tsarin Allah ba ko na ƙiftawar ido. Sai ya kulle masa kai, ya rufe shi da zanin gado, ya ja ƙofar ɗaki, sannan ya iya fita. 'Yarsa ce kaɗai ya ga ta dace da tawakkali.

Ba a jima ba labarin Kaniz ya zo. Kaniz matar Dilawar mai madara ce a layin bayan masallaci, mace mai surutu da barkwanci, wadda in ta shigo da auduga sai cikin Shamshad ya ƙulle don dariya. Baburinsu da na gara zubi ɗaya ne, shago ɗaya, shi ma Dilawar an kira shi ya ce ba da shi ba. A gangaren gadar babbar magudanar ruwa taya ta cije. Dilawar yana riƙe da kan babur, ya tsira da ƙujewa a gwiwa. Kaniz ba ta riƙe da komai sai kafaɗarsa, ƙeyarta ce ta fara isa kwalta.

Da aka sallamo ta daga asibiti, Shamshad da Riyasat suka je dubiya. Shamshad ta iske ta kwance a gadon igiya, ido a buɗe, tana kallon rufin ɗaki. Uwar Kaniz na zaune a gefe tana kore mata ƙuda.

"Kaniz," in ji tsohuwar. "Kaniz, ga Baji Shamshad ta zo."

Shiru. Shamshad ta sunkuya har numfashinta yana taɓa kunnen, ita ma ta kira. Idon bai ko motsa ba. Matan da ke ɗakin kuwa suna ta ƙus-ƙus, wai da ma Kaniz ta yi jiki, ba ta iya zama ba, kullum sai ta rinjayar da babur. Mata fa, waɗanda kowaccensu a bayan babur ta zo, kuma a bayan babur za ta koma.

Da ta fito ta tarar maza sun yi da'ira a tsakar gida. Babur suka sa a tsakiya.

"Kash, tanki ya lotse," in ji wani.

"Wannan mai sauƙi ne, a buga shi ta ciki. Injin fa?"

"Ba abin da ya sami inji," in ji Dilawar, har da ɗan murmushi. "Ku duba, ɗigonsa duk suna nan. Har yanzu rufaffe ne."

"Alhamdu lillahi," in ji wata murya, kuma ta Riyasat ce.

Shamshad ta juya musu baya. Ta fice daga gidan.

A gida ta tare Noshin, ta ce ta yi wa Tanwir magana. Noshin tana jera awarwaro a kwali, ta ce ai ta riga ta yi, ya ce zai tuntuɓi Abbansa in an gama biki.

"Ammi, don Allah kada ki tayar da ƙura yanzu. Ya yi min alkawari zai riƙa tafiya a hankali."

Shamshad ta san wannan a hankalin. Ta ga angwaye iri-iri da sabon babur da amarya a baya, ba ta taɓa ganin wanda ya tuna yana da birki ba. Ga shi kuma da an watse daga walima, a kan baburin gara ango ke ɗaukar amarya zagayen gaishe da dangi. Dangin Haji Barkat kuwa rabinsu a ƙauyukan ƙetaren gadar nan suke, gadar da ta ci Kaniz.

Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, ta zare basilla daga bargon da take ɗinki ta shiga ɗaki. Ƙugunta ba ya son tsuguno, amma ta tsuguna. Ta fara da tayar baya. Fentin ya fi yadda ta zata tauri, sai da ta kafa tsinin basilla ta karce da ƙarfi, sannan ya ɓantaro kamar ɓawon gyambo. Ta bi na sarƙa, ta bi na birki, ta bi na inji, har wanda ya ɓuya a ƙarƙashin salansa sai da ta kwanta a ƙasa ta lalubo shi. Ba ta bar ko ɗaya ba. A ganinta abin a fili yake: in babu ɗigon da za a tsare, babu abin da zai hana a kai wa sifana. Ta tattara ɓurɓushin rawayan a tafin hannunta, bai cika cokalin shayi ba. Ta watsa shi a murhu.

Riyasat ya dawo da carbi a hannu, ya leƙa ɗaki kamar yadda ya saba. Ihun da ya kurma, maƙwabta sun ɗauka mutuwa aka yi. Ranar mayafi Shamshad ba ta ji ko rabin wannan ihun ba.

"Wa ya yi? Wane maƙiyin Allah ne ya shigo min gida?"

"Ni ce." Tana zaune a baranda tana zura zare.

"Kin kashe ni, Shamshad! Kin tozarta ni! Saura ƙiris biki!"

"Yanzu ba abin da sifana za ta ɓata. Kai shi su canza notin."

Ya zauna daɓas a bakin ƙofa, ya dafe kai, hawaye yana bin gemunsa. Ranar ko ruwa bai sha daga hannunta ba. Washegari da sassafe ya fito da babur ya tura shi waje, bai dube ta ba. Shamshad ta leƙa ta bi shi da kallo har ya sha kwana ta hanyar kasuwa, inda shagon yake. Ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, har tausayinsa ya ɗan kama ta. Ta gurza karas, ta ɗora madara, ta yi masa halawar karas da yake so, wadda ba ta saba yi ba sai da Sallah.

Da la'asar ya dawo yana 'yar waƙa. Ya kafe babur a tsakar gida inda rana ke haskawa, ya ce ta zo ta gani. Ta tsuguna. Kowane noti da ɗigonsa, rawaya, yana ƙyalli, daidai inda yake a da. Warin fenti ya daki hancinta. Notin tayar baya kuwa shi ne dai na jiya, ga ma sawun basillarta nan a gefensa.

"Ina ka kai shi?"

"Inda ake gyara ɓarnar mata. Wurin Ustad Pappu na layin masu fenti. Hannunsa hannu ne, ko ɗan kamfani bai isa ya bambance ba."

"Ka bi ta gaban shagon?"

"To ta ina zan bi? Zuwa da dawowa. Har ɗaga min hannu ya yi."

Ashe har sana'a ce. Ashe akwai mutum a garin nan, da mata da 'ya'ya, wanda abincinsa ke nan, ɗiga wa ƙarya fenti. Shamshad ta dubi mutumin da ta shekara da shekaru tana dafa kafaɗarsa, ta ji ƙyamar tafin hannunta. Ta ɗauki tukunyar halawa ta juye wa awakin maƙwabta ta kan katanga. Riyasat ya mayar da babur ɗaki, ya sa wa ƙofa kwaɗo, ya rataya makulli a wuya. Daga ranar a baranda take kwana tare da audugarta.

Ana gab da ɗaurin aure aka baje gara kamar yadda ake yi, don dangin ango su zo su gani. Aka jera gadajen igiya a tsakar gida, aka shimfiɗa barguna da Shamshad ta ɗinka da hannunta, ga tukwane, ga injin wanki, ga akwatunan tufafi. Babur yana tsakiya da furanni a wuya. Mata suka cika baranda, maza suna tsaye. Haji Barkat ko kallon barguna bai yi ba. Ya sa tabarau, ya tattare riga, ya tsuguna, Tanwir yana bayansa kai a ƙasa.

"Masha Allah. Masha Allah, Riyasat Sahib. Rufaffe ruf! Yau na tabbata da ɗan mutunci na haɗa zuri'a."

Riyasat ya kumbura kamar roti a kan wuta.

A wajenmu uwar amarya ba ta magana a irin wannan wuri. Aikinta ta zuba shayi, ta sunkuyar da kai, in an kushe mata kaya ta ba da haƙuri. Shamshad ta san wannan sarai. Ta kuma san kalma ɗaya tana iya wargaza auren, 'yarta ta zauna a gida da sunan wadda aka fasa. Ta hango Noshin a bakin taga, lalle a hannu, tana murmushi. Sai idon Kaniz ya faɗo mata a rai. Ta ajiye butar shayi.

"Haji Sahib, sa farce ka ɗan karci wanda ke gabanka."

Riyasat ya ce, "Shamshad, shiga ciki."

"Fentin Ustad Pappu ne. Na kamfani ni na kankare su da basilla, ɗaya bayan ɗaya."

Haji Barkat ya karta. Fentin ya biyo farcensa. Ya dubi yatsan, fuska a yamutse kamar wanda ya taka kashi. Shamshad ta zaci zai tambaye ta dalili. Da ta ga ba shi da niyya, sai ta fara faɗa da kanta: kiran kamfani, notin da ke karyewa, Kaniz da ke kwance a layin bayan masallaci.

"Baji, wa bai san wannan ba?" Haji Barkat ya katse ta. "Ni ma sun kira ni a kan na babban ɗana. Wa zai kai musu? Ba wannan ake magana ba." Ya juya ga Riyasat. "Ni za ka yi wa aikin Pappu? A gaban dangina? Ka bar ni ina ta zuba masha Allah kamar sakarai?"

Wuri ya kaure. Wasu suna cewa a fasa, gidan da aka yi ƙarya a kan noti me ba za a yi ƙarya a kansa ba. Wasu suna cewa laifin matar ne, mijin bawan Allah ne rufin asiri ya nema. Wani kawun ango ya tsuguna yana karce sauran ɗigon, yana girgiza kai yana yaba hannun Pappu. Shamshad tana tsaye tana saurare, ko za ta ji mutum ɗaya ya ambaci sunan Noshin, ko ya ce ashe da yarinya za ta faɗo. Babu. Duk gidan nan, da gemunansu da carbinsu, fenti aka ci wa mutunci.

Can dai Haji Barkat ya tuna an riga an gayyaci jama'a, an kuma kama masu dafa abinci. Ya miƙe, ya goge farcensa a jikin bargon da ya fi kusa da shi, wanda Shamshad ta fi daɗewa a kansa.

"Aure ba fashi. Babur kuwa ya riga ya zama na banza. Tanwir, tura shi ka kai musu su kwance abin da za su kwance. Me ya rage a ɓata?"

Tanwir ya cafke kan babur da saurin da ya nuna da ma izini yake jira. Shi ma abin haushi ne, ƙato guda ya san gaskiya yana jiran a ce masa jeka. Amma dai ya tura, furanni suna reto, kuma kafin a gama wanke kofuna ya dawo da sabon noti.

Da baƙi suka watse, Riyasat ya rantse Shamshad ba za ta sake hawa bayansa ba har ya mutu. Ya kuwa riƙe rantsuwar, don a teburin mai shayi yanzu Riyasat Pappu ake ce masa, kuma duk ranar da aka faɗa sai ya dawo gida bai ce mata ko sannu ba. Shi a ganinsa horo ya yi mata. Ita kuwa takan ɗora bargo a ka ta kai wa masu shi da ƙafa, tana ɗingishi, tana kallon gabanta. A nan ta fara ganin bishiyar mangwaron da ke hannun dama kafin a kai tashar jirgi tun a tafiya, ba sai a dawowa ba.

Bayan 'yan watanni Noshin ta zo ganin gida. Da safiyar ranar Shamshad ta je ta taya uwar Kaniz juya ta da canza mata shimfiɗa, ta kuma kira sunanta a kunne kamar yadda take yi duk zuwa. Dawowarta ke nan jan babur ya tsaya a ƙofar gida, Noshin ta sauko, bakin mayafi a naɗe a wuyan hannu. Kafin su gaisa Shamshad ta dafa ƙugu ta tsuguna a gindin tayar baya. Ga notin nan, baƙi, mummuna, babu ɗigo, sifana ta ƙuje masa kusurwa. Ta shafa shi da yatsa, sannan ta miƙe ta amsa gaisuwar Tanwir.

Da suka keɓe a baranda Noshin ta fashe da kuka.

"Ammi, kin san sunan da kika jawo min? Daga surukata har ƙannen Tanwir ba mai ce min Noshin. 'Yar mai fenti, kawo shayi. 'Yar mai fenti, ina takalmin Haji? Har a gaban baƙi, Ammi. Sunan nan ba zai taɓa barina ba."

Shamshad ta jawo bargon da take ɗinki ta ɗora a cinya.

"In sun kira ki, kina ji?"

"Ina ji mana, ai shi ne nake gaya miki."

"Kina amsawa?"

"To ya zan yi? Ina amsawa."

Shamshad ta lashi bakin zare, ta zura a basilla.

"To su yi ta kira."